Shafukan da Doma Ya Haɗiye

Da Om Bundo ya san inda maganar za ta kai gidansa, da ranar kasuwar nan bai tsaya a rumfar giyar shinkafa ba, da kai tsaye ya wuce gida. Amma ya tsaya, kuma ya saurari Malgu, abin da duk mai hankali a ƙauyen Jomgol ya daɗe da dainawa.

Damuwa ce ta zaunar da shi. Ɗansa Doma ya dawo hutun sanyi daga makarantar horar da fadoci da ke birni ɗauke da mummunan labari: ya sake faɗuwa a jarrabawar Latin. Malamansa sun ba shi wani ɗan labari na Kiristocin farko, suka ce ya je ya yi hutu da shi. Ranar da ya koma za su zaunar da shi a gabansu, su buɗe shafin da suka ga dama, ya karanta ya juya musu shi zuwa harshen Koriya. In ya iya, ya ci gaba da karatu. In ya kasa, ya ɗaure bargonsa ya kama hanya.

A Jomgol wannan ba ƙaramar magana ba ce. Maginan tukwane ne kaf ɗinsu, jikokin waɗanda suka gudo cikin duwatsu zamanin da ake yanka masu bin addinin, kuma tun da aka kafa ƙauyen bai taɓa fitar da fada ko ɗaya ba. Ranar da aka ɗauki Doma, tsofaffin mata har kuka suka yi. Daga ranar ba wanda ya ƙara kama sunansa. Haksa ake ce masa, yadda ake kiran mai shirin zama fada. Shi kansa Bundo ya daina ce masa "kai", ya koma "ku". In ya zo hutu teburinsa daban ne, shi farar shinkafa, ƙannensa sha'ir, kuma ko guntun itace ba a bari ya ɗauka. Shekarar yaron goma sha biyar.

Malgu shi ne mai goyon randuna yana yawon talla ƙauye-ƙauye, yana dawowa da labarin da ya fi cinikinsa yawa. Ya zuba wa Bundo giya, ya leƙa fuskarsa.

"Yaya, randar da ta fashe a wuta ma ta fi fuskar nan taka kyau. Wa ya mutu?"

Bundo ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Haksa ne. Kalmomin ba sa zauna masa. Ya haddace da safe, kafin rana ta take sun tsiyaye."

"To ai a kai yake ajiye su! Wa ya ce masa a kai ake ajiyewa?" Malgu ya daki cikinsa. "A nan ake ajiyewa. Gidan mai shagon maganin da nake kai wa randuna a gari, ɗansa ƙamus ɗin Turanci ya cinye tas. Ya haddace shafi, ya yage, ya tauna, ya haɗiye. Yanzu tafinta yake wa sojojin Amurka, da agogo a hannunsa."

"Ka gan shi yana ci?"

"Na ga agogon."

Bundo bai yi dariya ba. Malgu ya matso. "Wallahi duk ɗaliban birni haka suke yi, Yaya. In mutum ya san shafin ba zai dawo ba, dole kansa ya riƙe. Rashin tsoro ne ke sa mantuwa."

Duk hanyar gida Bundo yana juya maganar. Bai ga aibunta ba. Magani ma sai an haɗiye yake aiki. Abin da ya fi komai tsarki a duniya ma, gurasar nan ta coci, a baki ake karɓarsa ranar Lahadi, a haɗiye.

Ƙamus ɗaya ne a gidan, kuma ba wani a duk kwarin. Na marigayi Fada Ok ne, tsohon da ya yi wa Doma baftisma, shi ya bar masa kafin ya rasu. Takardarsa siririya kamar ɓawon albasa, kowace kalmar Latin da ma'anarta a gefe da harshensu. Da shi Doma ya fara lalubo labarin, kalma bayan kalma, yana zaune a kusurwar da daɓe ya fi ɗumi. Sanyi ya daskarar da yumɓu, ba aikin gini sai bazara, saboda haka Bundo ba shi da abin yi sai zama a bakin ƙofa yana jira a gaya masa inda aka kwana.

Labarin wani mai gina fitilun yumɓu ne a wani birnin bakin teku, zamanin Rumawa. An ba shi aikin fitilu masu siffar gunki don bikin sarki, ya ƙi, aka kai ƙararsa.

"Ashe namu ne!" in ji Bundo ranar da ya ji haka. "Da wane yumɓu yake aiki, ja ko baƙi?"

"Ba a faɗa ba, Baba."

"Mai rubutun nan bai san sana'a ba."

Washegarin kasuwa Bundo ya shiga ɗakin, ya durƙusa nesa kaɗan, ya kawo maganar Malgu, sai dai bai ce daga bakin Malgu ta fito ba. Doma ya ɗora hannu a kan littafin.

"Baba, na Fada Ok ne fa."

"Ku ya bar wa. Kuma ina zai je? Cikinku zai shiga."

"Ba haka karatun nan yake ba. Kalma ɗaya sai in nemo ta sau goma kafin ta zauna."

"Yawwa! Kuna komawa sau goma ne don kun san tana nan tana jiranku."

Doma ya buɗe baki zai sake magana. Sai Bundo ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa daɓe.

"Haksa, roƙonku nake yi. Ni ban iya komai ba. Wannan kaɗai na samo."

Yaron ya dubi furfurar da ke ƙeyar ubansa.

Bundo ne ya tsara yadda za a yi. Ba za a fara daga farkon littafin ba, lokaci ba zai isa ba. Duk kalmar da Doma ya ci karo da ita a cikin labarin, a nemo shafinta, ya haddace shafin gaba da baya. Sai ya miƙo wa ubansa a gwada shi. Bundo ya iya karatun harshensu, da ƙyar, yana bin layi da yatsa. Baƙaƙen Latin kuwa a wurinsa sawun kaji ne. Don haka sai ya karanta ma'anar, Doma ya faɗi kalmar Latin ɗin, shi kuma ya gyaɗa kai. In sun kai ƙarshe, ya yage shafin a hankali daga jikin zare, ya miƙa masa da hannu biyu.

Na farkon ya maƙale wa yaron a wuya har idonsa ya kawo ruwa. Malda, uwarsa, ta shigo da ruwan dafaffen sha'ir, ta tsaya tana kallonsu.

"Baban Doma, na haifi yaro, kun mayar min da shi akuya?"

"Ke dai kawo ruwan."

"Tawadar nan fa? In ta kashe shi, Malgu ne zai haifa min wani?"

Bundo ya ɗago da sauri. "Wa ya ce miki Malgu ne?"

"Wa kuma zai kawo wannan a duk ƙasar nan?"

Amma ta ajiye ruwan, kuma daga ranar ita ce ke jiƙa shafin a ƙaramin kwano don ya yi laushi.

Da farko abin kamar ya yi. Bundo na karanta ma'ana, amsa na fitowa kafin ya rufe baki. An kai mai fitila gaban gwamna, an tambaye shi sunansa, an jefa shi kurkuku. Littafin yana ramewa, zuciyar Bundo tana cika. Har ya saya wa Malgu busasshen kifi. Labari ya bazu a ƙauye, tsofaffi suka riƙa cewa ba a taɓa ganin himma irin ta Haksa ba.

Sai labarin ya tsaya. Doma yana wuni a kansa, leɓɓansa na motsi, amma in an tambaye shi sai ya ce wurin yana da wuya. Ya daina cinye shinkafarsa. Harshensa ya yi baƙi. Wata rana Malgu ya leƙo, ya cire hula ya yi gaisuwa.

"Haksa, yaya mutuminmu mai fitila?"

"Yana kurkuku, Kawu."

"Har yanzu? Wancan zuwan nawa ma yana kurkuku. Ai ko gwamnan ya manta da shi ne?" Ya ƙyalƙyale da dariya. Ba wanda ya taya shi.

Malda ce ta fara ganewa. Daga madafa take jin komai ta jikin bango. Ta tare mijinta yana tura itace a bakin murhun da ke ɗumama ɗaki.

"Baban Doma, kalmar da ya ba ka yau ta rijiya, ita ya ba ka shekaranjiya ta alfadari."

"Ke kin iya Latin ne?"

"Ban iya ba. Kunne gare ni."

"Kalmominsu kama suke da juna."

"To. Kai ma ai ba ka iya ba. Da me kake gwada shi?"

Bundo ya ci gaba da tura itace har wuta ta kusa shaƙewa. Tambayar ba ta taɓa zuwa masa ba. Ya tuna yadda yake gyaɗa kai a kan kowace amsa kamar wanda ya san abin da yake ji.

Da safe aka zauna gwaji. Doma ya miƙo shafi. Bundo ya karanta ma'ana biyu, aka ba shi amsa. Sai ya ɗora yatsa a layi na uku, ya faɗi abin da babu shi a shafin sam.

"Toka."

Doma ya ba shi kalma nan take, idonsa a ƙasa.

"Dankali."

Ya sake ba shi wata.

Bundo ya ɗago kai daga shafin. "Babu toka a shafin nan. Babu dankali." Ya ji muryarsa ta fito yadda ta daɗe ba ta fito ba. "Kai! Doma! Me kake gaya min duk kwanakin nan?"

Yaron ya ɗago. Jin sunansa a bakin ubansa ne ya karya shi. Ya fashe da kuka irin na ƙananan yara, da majina da shessheƙa.

"Na farko-farkon na haddace, Baba, wallahi na haddace. Da na haɗiye, bayan kwana biyu sai su tafi. In na dawo wurin kalmar a cikin labarin, in nema, shafin ba ya nan. Sai na ce bari in ƙara himma a na gaba. Su ma suka tafi."

"Me ya hana ka faɗa min?"

"Ta yaya? Kuna durƙusa min."

Bundo ya jawo ƙamus ɗin ya buɗe. Daga waje har yanzu littafi ne, da bango da kauri. A ciki kuwa giɓi ne ko'ina, kamar bakin tsohuwa. Shafukan da suka rage su ne waɗanda labarin bai taɓa buƙata ba. Duk wanda ke ɗauke da kalmar da ake nema, shi da hannunsa ya zaɓo shi, ya yage, ya miƙa.

Hutu ya kusa ƙarewa. Bundo ya ce su shirya, za su je babbar coci wurin Fada Gong su aro nasa ƙamus. Tafiyar rabin yini ce a kan dusar ƙanƙara. Doma na gaba, shi yana baya da littafin a ƙirji. Sau ɗaya yaron ya tsaya bakin hanya ya yi amai.

Fada Gong Bafaranshe ne mai dogon gemu, ya tsufa a ƙasar amma harshensa bai miƙe ba. Suka same shi yana ɗaure kaya, da safe zai fita zagayen ƙauyukan kan dutse don jin ikirarin zunubi kafin Ista. Ya karɓi ƙamus ɗin ya juya shi.

"Ɓera?"

"A'a, Fada." Bundo ya durƙusa ya faɗi komai. Bai ambaci Malgu ba. Fadan ya fara dariya, gemunsa na rawa, sai ya dubi leɓɓan Doma, dariyar ta mutu.

"Bundo, Bundo. Me ya sa ba ka zo ka tambaye ni ba?"

"Na ji kunya a san Haksa ya faɗi."

Fadan ya ɗauko nasa ƙamus daga kanta, ƙato mai bangon fata, ya buɗe a gabansu. Bundo ya kai yatsa yana neman inda zai iya karantawa. Babu. Hagu sawun kaji, dama sawun kaji.

"Nawa daga Latin zuwa Faransanci ne," in ji Fada. "Irin naku sai birni, can ma ba a kowane shago ba."

Duk da haka ya zaunar da yaron, ya buɗe shafin farko na labarin, ya ce ya fassara. Doma ya faɗi abin da ya faru daidai, don ya riga ya san shi. Fadan ya ɗora yatsa a kan kalma ɗaya. "Wannan fa?" Shiru. Ya matsa gaba. "Wannan?" Shiru. Ya buɗe can tsakiya. Doma ya karanta da murya mai daɗi, kowane harafi a wurinsa, ya kai ƙarshen layi ya tsaya. Bai san ko kalma uku a ciki ba.

Suka yi ta yi har hasken taga ya soma ja. Fadan yana faɗin ma'ana da karkataccen harshensa, wani lokaci shi ma kalmar Koriya ta ɓace masa sai ya kwatanta da hannu. Sun ci shafi ɗaya da rabi. Sauran suna da yawa.

"Fada," in ji Bundo, "ku ɗaga tafiyar nan mana. Kwana kaɗan."

"Akwai tsofaffi a kan dutse da ba su ga fada ba tun kaka. Wasu ba za su kai bazara ba." Ya cire tabarau ya murza ido. "Kuma ko wata guda na ba shi, ban sani ba. Yaron kirki ne. Ba kowane yaron kirki ake kira ga aikin fada ba, Bundo."

Bundo ya yi kamar bai ji ba. Ya daɗe yana kallon takardun labarin, sannan ya ce, "Mai fitilar fa? Ya fito?"

Fada ya leƙa shafin ƙarshe. "An sare masa kai a bayan gari."

"Bai gina musu ba dai?"

"Bai gina ba."

Suka kwana a ɗakin katikis, mai taimaka wa fada, da safe suka dawo. Sauran kwanakin Doma ya yi su yana maimaita shafi ɗaya da rabin nan. Ba a ƙara yage komai ba. Malda ta dafa masa kunun shinkafa har cikinsa ya lafa. Malgu ya sha zagi daga bakinta, a gaban mata a bakin rafi, ba tare da ta faɗi dalili ba, da kalmomin da sai da ta kai su ikirari daga baya. Bai ƙara biyowa ta ƙofar gidan ba. Sauran mutanen ƙauye ba su san komai ba. Ranar tafiya suka fito rakiya har bakin gada, wata tsohuwa ta cusa wa Doma dafaffen ƙwai a aljihu tana cewa, "Haksa, ku yi sauri ku gama, ina so ku ne za ku binne ni."

Bundo ya goya ƙunshin bargon har tashar mota. Tun ranar toka da dankali ya rasa yadda zai kira yaron, sai ya riƙa magana ba tare da kiran kowa ba. Motar ta zo, yaron mota ya jefa ƙunshin a sama. Doma ya sa ƙafa a matakala, sai ya juyo.

"Baba."

"Na'am."

"In sun ce in ɗaure bargo, in dawo gida?"

Bundo ya ga gadar, ya ga tsofaffin da za su fito suna kallon yaro da ƙunshi a baya, ya ga teburin da za a mayar cikin na ƙannensa. Ya san amsar da ya kamata ya ba shi, kalma ɗaya ce. Amma tsoro ya riga shi magana.

"Ba za su ce ba. Ku dai ku yi ƙoƙari, Haksa."

Doma ya dube shi, ya sunkuya ya yi gaisuwa mai zurfi, ya shiga. Sai da motar ta tashi Bundo ya ji abin da ya faɗa. Ya bi ta da gudu yana kiran sunan yaron, yana cewa ya dawo, ko me suka ce ya dawo. Tagogin a rufe suke saboda sanyi, sun yi hazo, bai ga ko fuska ɗaya ba.

Ranar gwajin ta zo ta wuce. Ƙanƙara ta soma narkewa, maza suka fara haƙar yumɓu, Bundo yana fita tare da su amma da yamma sai ya gangara tasha ya tsaya har motar ƙarshe ta sauke mutane. In makaranta ta sallami yaro, fadan yankinsa take sanarwa, shi kuwa Fada Gong yana can kan dutse bai sauko ba. Malda ta ce shirun alheri ne, da an kore shi da ya iso. Bundo bai gaya mata abin da aka tambaye shi a matakalar mota ba.

Har yau Doma bai dawo ba, kuma saƙo bai zo ba. Ba wanda ya sani a Jomgol ko yana cikin aji, ko kuwa an sallame shi ya rasa inda zai nufa.